Ɗaurin Jatau Baduku a Kan Kalma Ɗaya

Shekaruna a yau sun haura tamanin, abin da zan ba da labarinsa kuwa ya kai shekara sittin da aukuwa, ko ma ya ɗara. Abin da ya tayar mini da shi, kwanakin baya jikana ya ɗauko ni daga Gwaram zuwa babban asibitin Birnin Kudu domin a duba mini idanu. Muka shiga mota, na ɓare goro, ban kai ga gama shi ba na ji yaron mota yana cewa a sauka. Mota cike take maƙil, kafaɗa tana gugar kafaɗa, amma babu wanda ya tambayi na kusa da shi sunan garinsu, kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa kamar masu zaman makoki. Na ce a raina, wannan ba tafiya ba ce, jigila ce, irin wadda ake yi wa buhunan gero.

A zamaninmu tafiya aba ce mai nauyi, ana shirya mata kamar yadda ake shirya wa noma. Ni ɗan gidan malamai ne, mahaifina yana da makarantar allo, na yi sauka a hannunsa, na taɓa littattafai daidai gwargwado. Amma zuciyata ta karkata ga fatauci, shi kuwa da ya ga haka bai tauye ni ba, ya saya mini jakuna, ya ce tafiya mabuɗin ilmi ce, in dai mutum ya tafi da kunnuwansa. Ina ɗaukar fatu da ƙiraga daga ƙasar Gwaram, mu bi ta Dingaya, mu yi ta cin kasuwannin ƙauye har mu ɓulla Kangire, daga nan mu hango duwatsun Birnin Kudu. Har yau in na rufe ido ina jin kukan akumari a bayan jaki, da ƙarar kofato a kan tsakuwa, da kurciya tana kira daga kan gawo, da lugude na matan ƙauye, wanda shi ke sanar da matafiyi cewa gari ya kusa tun bai ga hayaƙi ba. In rana ta take sai mu sauke kaya a gindin tsamiya, a dabaibaye dabbobi, a dama fura, kowa ya miƙe ƙafa. A irin wannan zama ake sanin mutum, gama hanya ba ta ɓoye halin kowa.

Mu uku muke tafiya. Akwai Buba, ɗan Fulanin da suka zauna suka kama noma, sa'ana ne, yana sayar da man shanu, bakinsa ba ya hutawa. Sai Baba Jatau, baduku, dattijo gajere mai furfura a gemu, wanda a haife ya haife mu duka biyu. Asalinsa daga Maguzawa yake, daga baya ya karɓi addinin Kirista, shi da iyalinsa. Ba a yi baduku kamarsa a wannan yanki ba. Shi ke ɗinka wa maharba kube, ya ɗinka wa makiyaya salka, gafakar da mahaifina yake sa littattafansa ma aikin hannunsa ce. Da na fara tafiya da shi, dangi suka taso wa mahaifina, suna cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mahaifina ya ce da su, "Na yi shekaru ina ba Jatau aiki, bai taɓa sa mini fatar tunkiya ya ce ta akuya ce ba. Yarona ya san alƙiblarsa. Ku bar su."

Baba Jatau yana da wani labari da ba ya ƙarewa, yana ba da shi gutsure-gutsure, zango bayan zango, basilla a hannu, kansa a sunkuye. Labarin wani mutum ne daga mabiya Annabi Isa na farko, wanda da can shi ke farautar masu bin wannan hanya, har wani haske ya kayar da shi a kan hanya, ya tashi ya zama mai kai saƙonta ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi faranta wa Baba Jatau rai, wai mutumin nan ɗinkin tanti yake yi ya ci abinci, don haka yakan ce abokin sana'arsa ne. Ya ba mu labarin yadda aka zura shi a kwando ta bayan ganuwa ya tsere wa masu neman ransa, da yadda aka jefe shi da duwatsu aka bar shi a kan ya mutu, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya koma cikin garin, da yadda jirginsu ya farfashe a teku suka fita a kan katakai. Kullum kuma yakan dage a kan cewa mutumin bai taɓa tafiya shi kaɗai ba. Akwai wani likita da ke binsa, akwai wani saurayi da ya riƙe kamar ɗansa, akwai wanda suka yi saɓani suka rabu, akwai kuma waɗanda suka shiga kurkuku tare da shi alhali ba su aka zo kamawa ba.

Buba ba ya barinsa ya sha ruwa. Yakan ce, "Kai Kaɗo, tsaya. Mutumin nan naka, shanu nawa gare shi?"

"Ko akuya ba shi da ita."

"Mata fa?"

"Babu."

"To ba saniya, ba mata, kullum a ɗaure. Me ka gani a jikinsa? Mu a rugarmu irin wannan ko nono ba ma ba shi bashi."

Baba Jatau ya yi dariya ya ce, "Kai dai Bafillace, da kai ne a jirgin nan, da wutsiyar saniya za ka nema ka kama a tsakiyar teku."

Sai dai akwai wani abu guda da mu da muka saba da shi ba mu taɓa lura da shi ba. Baba Jatau ba ya kiran mutumin nan da sunansa. A cikin jama'arsu kowa ya san shi, Manzo suke ce masa, shi ma haka ya saba, Manzo ya tafi, Manzo ya dawo. Mu mun san wanda yake nufi tun daga farkon labari, don haka kunnenmu ya daina jin nauyin kalmar.

A ƙarshen wata bazara, tafiyarmu ta ƙarshe kafin kowa ya koma gona, muka sauka a wani ƙauye tsakanin Dingaya da Kangire ranar kasuwarsu. Ba zan faɗi sunansa ba, gama jikokin mutanen suna nan, mutanen kirki ne. Da hantsi Baba Jatau ya baza kayansa a inuwa, mutane suka kewaye shi da takalma da guga masu neman gyara, shi kuma ya ci gaba da labari daga inda ya tsaya mana. Wani mai awon hatsi da ake kira Idi ya zo wucewa, bai ji farko ba, sai ya tsinci daidai inda Baba Jatau yake cewa, "Sai suka kama Manzo, suka tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa, suka yi masa bulala, suka jefa shi kurkuku, aka sa ƙafafunsa a turu."

Idi ya saki mudunsa ya faɗi. Ya ɗora hannu a ka ya yi salati da ƙarfi, ya ce, "Jama'a, kuna ji? A gabanku ake cewa an yi wa Manzo bulala, kuna zaune?"

Ban taɓa ganin kasuwa ta juye da sauri kamar ranar ba. Ba kuwa zan zargi Idi ba, gama a bakin Musulmi in an ce Manzo kurum, ba a ƙara komai ba, mutum ɗaya ake nufi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ƙaunarsa ce ta tayar da Idi. Na miƙe ina cewa ku saurara, ba shi ake nufi ba, amma muryata ta nutse. Wani ya yi fatali da kayan Baba Jatau, na ga samari suna sunkuyawa suna tsintar duwatsu, na ga mahauci ya baro teburinsa. Na sha gaban dattijon na buɗe hannuwa. Wata tsohuwa mai fura ce ta cece mu, ta kutso tana kaɗa ludayi, tana cewa, "Garin nan ba shi da dagaci ne? Ku kai shi zaure, 'yan nema!" A wancan zamani wannan magana tana da ƙarfi. Zargi sai ya taka da ƙafarsa ya je zaure, ya cire takalmi, ya zauna a gaban manya. Yau kafin mai magana ya rufe baki an aika rabin maganarsa garuruwan da bai taɓa zuwa ba, babu kuma tsohuwar da za ta tare ta da ludayi.

Dagaci ya tafi ta'aziyya, sai bayan la'asar zai dawo. Ɗan aikensa, wani dogon mutum mai raunin ido ɗaya, ya ja Baba Jatau zuwa wani tsohon ɗakin ƙasa a bayan zaure inda ake ajiye harawa. Na bi su. Ya ce da ni, "Kai ba a kawo ƙararka ba, koma." Na ce, "Tare muka fito daga Gwaram, a ƙwarya ɗaya muke sha. In ɗaki ne, tare za mu shiga." Ya dube ni ya ce ruwana, ya tura mu ciki, ya ja ƙyaure ya tokare. Buba ya tsaya wajen jakuna da abin da ya saura na kaya.

Muna jin hayaniyar jama'a a ƙofar zaure, wasu suna cewa a kai shi gaban alƙali, wasu suna cewa ba sai an kai ko'ina ba. Baba Jatau ya zauna a kan harawa ya ce, "Ɗan Malam, me zan gaya wa mahaifinka in wani abu ya same ka?" Na ce, "Ni kuma me zan gaya masa in na koma ba kai?" Da azahar ta yi na yi taimama, shi ya nuna mini gabas ta hasken da ke shigowa ta tsagar bango, ya matsa gefe ya ba ni wuri. Da na idar na ji shi yana rera wata waƙarsu ta ibada a hankali.

Can sai gari ya yi duhu, hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kwasar rumfunan kasuwa. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ruwan farko na shekara, jama'a suka watse neman mafaka, mai tsaronmu ma ya ruga zaure. Bangon bayan ɗakin nan gara ta daɗe da cinye shi. Muna zaune muka ji ya yi wani nishi, ya tsage, ya kife waje gaba ɗaya. Ga fili a gabanmu, ga gonaki, ga daji, babu ko mutum ɗaya. Sai ga Buba ya ɓullo ta cikin ruwa yana yafito mu. "Ku fito! Allah ne ya buɗe muku! Na kora jakuna bakin rafi!"

Ni na riga na miƙe. Baba Jatau ya kama gefen rigata ya ce, "Zauna. In na gudu, na amsa laifin ke nan, gobe kuma duk gidan Kirista da ke ƙasar nan zai biya. Wannan bawan Allah mai tsaronmu kuma, wa za a kama in ba shi ba?" Buba ya ce, "Kaɗo, ashe haukan mutuminka ya kama ka!" Baba Jatau ya ce, "Shi ma ƙofa ta taɓa buɗe masa, bai fita ba. Ban kai ku wurin ba tukuna." Muka koma muka zauna, ruwa yana dukanmu ta gefe, Buba ya tsuguna tare da mu yana ta mita.

Da ruwa ya tsagaita ɗan aiken ya zagayo, ya hango bango a ƙasa, ya kurma ihu ya ce ya shiga uku. Baba Jatau ya ɗaga murya ya ce, "Kwantar da hankalinka, ba inda muka je."

Bayan la'asar dagaci ya dawo, aka cika zaure har waje, limamin garin yana zaune a damansa. Aka shigo da mu jiƙe sharkaf. Tun kafin a fara magana labarin bango ya kai kunnen dagaci, ya fusata, ya juya kan ɗan aikensa ya ce, "Kai Manzo! Na bar maka gida, ka bar mutane a ɗakin da ba bango, ka tafi fakewa? Wallahi da sun gudu, kai zan sa a ɗaure, a yi maka bulala a tsakiyar kasuwa!"

Sai a lokacin na san yadda ake kiran mutumin. Ashe tun yana saurayi shi ke kai saƙon gidan, har sunan aikin ya danne sunan yanka, garin duka da haka suke kiransa. Na ji kamar an ɗora mini takobi a hannu. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, kunnena ya cika da ruwa. Wa ka ce za a ɗaure a yi wa bulala?"

Ya ce, "Manzo mana!"

Na juya wajen jama'a na ce, "Kun ji. Idi, kai ma ka ji. Ga mudunka can, ko za ka sake yar da shi?"

Dagaci ya zare ido ya ce, "Kai yaro, wannan nake nufi, barana!" Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe, kowa a nan ya sani, domin mun ji maganarka daga farkonta. Wannan dattijo ma wani yake nufi, mutumin ƙasar Rumawa, mai ɗinkin tanti, wanda ya riga Annabinmu zuwa duniya da zamani mai tsawo. Mu mun ji daga farko, Idi wutsiya ya kama. Ni ɗan makarantar allo ne, a gidan karatu aka haife ni. Da na ji an taɓa Fiyayyen Halitta, da ba a riga ni tashi ba."

Liman ya gyara zama ya tambayi Baba Jatau sunan mutumin. Ya faɗa, suna ne irin na mutanen can, bai yi kama da na kowa a cikinmu ba. Liman ya tambaye shi ko ya taɓa ambaton Annabinmu da mugun abu. Ya ce, "Allah ya kiyaye, Malam. Da hannun nan nake ɗinka wa malamai gafaka." Liman ya gyaɗa kai ya ce, "Yaron nan ya yi gaskiya. Ko a ƙissar Annabi Yusufu, ɗan aiken da sarkin Masar ya tura masa kurkuku da wannan kalma aka kira shi. Kalma riga ce, sai an duba wanda ya sa ta. Kuma mai laifi ba ya ganin bango a ƙasa ya zauna." Sa'an nan ya juya ga Baba Jatau ya ce, "Amma kai ma, baduku, ka san inda kake. In kana cikinmu, ka haɗa masa da sunansa, ko ka ce mai tanti. Kada ka bar kalmar ita kaɗai." Baba Jatau ya ce, "Na karɓa, Malam. Shekaruna sun yi yawa, amma yau na koyi Hausa."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, sai zaure duka ya ɗauka, har dagaci ya rufe baki da rawani. Ya ce a tattaro kayan baduku duk inda suka faɗa, abin da ya lalace waɗanda suka yi fatali da shi su gyara. Idi ya taso ya durƙusa gaban Baba Jatau ya ce, "Baba, ka yafe mini." Baba Jatau ya ce, "Ka tashi, kishin abin da kake ƙauna ka yi." Idi bai tashi ba, ya sosa ƙeya ya ce, "To shi wancan ɗin, mai tantin, da aka sa shi a turu, an sake shi kuwa?"

Nan a zauren dagaci, a gaban liman, da mahaucin da ya baro teburinsa, da samarin da suka tsinci duwatsu, Baba Jatau ya ƙarasa labarin, yadda ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe, mai tanti ya ƙi fita, da yadda da gari ya waye mahukunta suka zo da kansu suka ba shi haƙuri. Dagaci ya ce, "To ni ma ba za a fi ni ba." Ya taso da kansa ya raka mu har bakin gari, jama'a a bayansa, ƙasa tana ƙamshin ruwan farko, Buba a gaba yana kora jakuna yana shela cewa shi tun farko ya ce kada a gudu. Haka muka fita daga garin da aka shigar da mu ɗakin harawa, kanmu a sama.

Ba ni kaɗai na ga wannan ba. Buba ya gani, Allah ya jiƙansa, 'ya'yansa a Dingaya sun ji daga bakinsa, ko da yake a nasa labarin shi ya ture bangon. Tsohuwa mai fura ta gani, liman da dagaci sun gani, duk sun riga mu gidan gaskiya. Baba Jatau ya ba iyalinsa labarin har ƙarshen ransa. Idi mai awo kuwa yana nan da ransa, ya tsufa ya fi ni, yana zaune wajen ɗansa a Kangire. Wanda yake shakka ya je ya tambaye shi. Zai faɗa masa duka, ba ya rage komai, sai dai kafin ya fara yakan ce mutum ya zauna tukuna, ba ya ba kowa labari a tsaye.